Babi na Shida: Cutar da Ta Iya Likimo

Da zarar an gama ɗaurin gero an cika rumbuna, sai ƙauyukan ƙasar Mallawa su yi fayau. Samari da magidanta sun tafi ci-rani, wasu Kano, wasu Legas ko Fatakwal, wasu kuma sun yi arewa ta Damagaram da Agadas har Libiya. Mallawa na cikin gundumar Dungas tun 2011, shekarar da aka yanke Dungas daga jikin Magariya, kuma a bakin iyakar Najeriya take. Mutumin wannan yanki ya fi sanin hanyar kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis a kan hanyar Yamai. Ci-rani tsohuwar al'ada ce, ita ke riƙe da gidaje da dama har faɗuwar ruwa. Amma ga ma'aikacin lafiyar da rajistar masu shan maganin sida ke hannunsa, tashin 'yan ci-rani lokacin zullumi ne, don a nan ne sunaye ke fara zubewa.

Ba wai cutar ta yi katutu a Nijar ba ne. A 1987 aka tabbatar da mai ɗauke da ita na farko. Binciken lafiya na ƙasa na 2006 ya same ta a jinin kashi 0.7 cikin ɗari na manya, na 2012 kuma kashi 0.4, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta a Afirka kudu da Sahara. Magani kyauta ne, kuma ya yi sauƙi ƙwarai: ƙwaya ɗaya a rana, wadda ta haɗa tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Wanda ya riƙe ta da gaske, cikin 'yan watanni za a auna jininsa na'ura ta kasa ganin bairus ɗin. Daga nan kuma wata matsalar ke tasowa, wadda duk mai aikin asibiti a karkara ya sani. Magidanci ne zai zo karɓar magani kafin ya kama hanya. Ya saba ɓare takardar jikin kwalbar, ya juye ƙwayoyin a 'yar leda don kada abokan kwana a Kano su gane. Har ya kai bakin ƙofa sai ya juyo.

"Likita, ba kai ka ce an duba jinina ba a ga komai ba?"

"Haka ne, Malam. Ai abin godiya ne."

"To abin da babu shi, me zan yi ta kashewa kullum?"

Tambayar mai hankali ce. Zazzaɓin cizon sauro kwana uku ake shan maganinsa a huta. Tarin fuka wata shida. Wannan kuwa an ce har iyakar rai. Abin da likita ya sani shi ne, in aka ajiye ƙwayar, galibi cikin mako biyu zuwa huɗu bairus ɗin zai dawo ya cika jini, ko da an shekara goma ba a gan shi ba. To ina yake shiga?

Sai an gangara can ƙasa kafin a samu amsa. Jikin mutum an gina shi ne da wasu ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sel. In ban da jajayen ƙwayoyin jini da ire-irensu, kowane sel yana ɗauke da cikakken rubutun gadon mai jikin, wato DNA. Haruffa iri huɗu ne kacal, an jera kusan biliyan 3 daga wajen uwa, wasu biliyan 3 daga wajen uba, an kasa su dunƙule 46 da ake kira kuromosom. Cikin wannan rubutu akwai umarnin ƙera furotin kimanin 20,000, su ne ƙwayoyin gado. Rubutun da ke cikin sel na hanta shi ne a cikin sel na ido. To me ya hana hanta gani, me ya hana ido tace jini?

Wanda ya taɓa ganin littattafan malaman da zai gane nan da nan. Ba a ɗinke suke ba. Waraƙa-waraƙa ne, a jera su tsakanin bango biyu na fata, a naɗe da igiya, a sa a gafaka. Malam yana da littattafai tuli, amma wanda yake biyawa yau shi kaɗai ne a kwance kan buzu, sauran suna ɗaure a rataye. Haka sel yake. Kowanne yana da littattafan duka, abin da ya kwance ya karanta shi ne sana'arsa. DNA na sel ɗaya in an miƙe shi zai kai kusan mita 2, kuma a naɗe yake jikin wasu furotin da ake kira histon. Akwai tambarin sinadari da ke sa naɗin ya tsuke har wurin ya ƙi karantuwa, akwai wanda ke sa ya saki. Sannan gaban kowace ƙwayar gado akwai ɗan tsirin haruffa wanda ba ya ƙera komai. Mazauni ne na wasu furotin da ke kiran injin karatu su ce masa ya fara daga nan, ko kuma su tare masa hanya. Faransawa biyu na Cibiyar Pasteur ta Paris, François Jacob da Jacques Monod, su suka fara bayyana wannan tsari a 1961, a jikin wata bakteriyar hanji da ba ta buɗe ƙwayoyin gadon narkar da sukarin madara sai in sukarin yana nan.

Yawancin bairus masu wucewa ne. Na mura zai shiga, ya hayayyafa, jiki ya kore shi, shi ke nan. Dangin da ake kira retrobairus dabam suke. Rubutun HIV, bairus ɗin sida wanda ɗaya ne daga cikinsu, bai cika haruffa 10,000 ba, ƙwayoyin gadonsa 9 ne, kuma da RNA yake zuwa, ɗan'uwan DNA. Yana shiga sel sai ya kwafe kansa zuwa DNA da wani enzayim nasa, sannan da wani enzayim ɗin ya yanka kuromosom na mai jiki, ya cusa kwafin, ya liƙe. Baƙuwar waraƙa ta shige tsakiyar littafin, da irin tawadar da irin hannun. Daga ranar, duk sanda sel ya rabu biyu zai kwafe ta tare da sauran. Tenofovir da lamivudine kwafin suke tarewa, dolutegravir kuma cusawar yake tarewa. Babu ɗayansu da zai iya zaro abin da ya riga ya shiga.

Shiga kaɗai ba ta isa ba, sai an karanta shi. HIV fararen ƙwayoyin jini masu alamar CD4 yake kamawa, waɗanda su ke tsara yaƙi in baƙuwar cuta ta shigo. A mafarin rubutunsa ya tanadi mazauni ga wani furotin na sel mai suna NF-kB, wanda Ranjan Sen da David Baltimore suka gano a 1986. Aikin wannan furotin shi ne tashin sel in ya ji ƙamshin abokin gaba. Shekara guda bayan haka Gary Nabel da Baltimore suka nuna cewa shi ne kuma ke tashin HIV. Wato bairus ya ɗaura farkawarsa a jikin farkawar garkuwar jiki: tana miƙewa don yaƙi, shi ma ya miƙe. Akwai mataki na biyu. Injin karatu yana fara karanta rubutun HIV, in ya yi haruffa kamar 60 sai ya cije. Wani furotin na bairus ɗin, Tat, shi ke zuwa ya janyo wani furotin na sel mai suna P-TEFb ya tura injin gaba. Tat kaɗan na sa a yi karatu, karatun na ƙara haifar da Tat, kafin ka ce me abu ya ninka sau ɗari.

Wannan ƙarfin nasa a nan ne kuma sirrin ɓuyansa yake. Bayan kowane yaƙi, yawancin sel ɗin da suka fita sukan mutu, kaɗan kuma su koma hutu su zama masu ajiyar tarihi. Su ne dalilin da wanda ya yi ƙyanda yana yaro ba ya sake yi har tsufansa. In aka yi rashin sa'a HIV ya shiga sel daidai lokacin da yake komawa hutu, sai NF-kB ya janye, P-TEFb ya yi ƙaranci, histon ya tsuke wurin, Tat ya ƙare. Bairus ya yi likimo. Ba ya ƙera komai, don haka garkuwar jiki ba ta ganin wata alama a jikin sel ɗin, magani kuma ba shi da abin da zai tare. Cikin sel masu hutu miliyan guda, kamar ɗaya ne ke ɗauke da irin wannan lafiyayyen bairus mai barci. Ɗayan kuwa ya isa.

A 1996, a babban taron sida na Vancouver, an yi murnar haɗin magunguna uku, har wasu suka yi lissafin cewa shekara biyu ko uku na shan magani za su share cutar. A 1997 rukuni uku na masu bincike a Amurka, na Robert Siliciano a Jami'ar Johns Hopkins, na Tae-Wook Chun da Anthony Fauci, da na Douglas Richman a San Diego, suka tono wannan maɓoya a jinin mutanen da gwaji ya ce ba a ga komai ba. A 2003 rukunin Siliciano ya auna yadda maɓoyar ke raguwa: sai an yi wata 44 kafin rabinta ya tafi, wato fiye da shekara 70 ana shan magani kafin ta ƙare. Daga baya aka gano abin da ya fi wannan muni. Sel masu ɗauke da bairus ɗin suna rabuwa su yawaita, kowanne da kwafinsa, ba tare da an sake kamuwa ba. Wata jaririya a jihar Mississippi an fara ba ta magani tana da awa 30 a duniya, aka daina tana da wata 18, ta yi wata 27 ba a ga komai a jininta ba. Duniya ta ɗauka ta warke. A watan Yulin 2014 bairus ɗin ya dawo.

Wannan ne ya sa mai maganin ƙarya ba ya rasa shaidu. Duk wanda ya daɗe yana shan ƙwayarsa, in ya ajiye ta ya sha tsimi, zai yi makonni garau, wani ma watanni, kuma a wannan tsakani ne ake ɗaukar muryarsa a sa a lasifikar kasuwa. A 2007 Yahya Jammeh, yana shugaban Gambiya, ya ce yana warkar da sida da ganyaye, ya sa marasa lafiya suka bar maganin asibiti. Wasunsu sun mutu, waɗanda suka rayu kuma suka kai shi ƙara bayan ya bar mulki.

Warkewa ta gaskiya ta taɓa faruwa, amma ta hanyar da ba ta biyuwa. Timothy Ray Brown, Ba'amurke mazaunin Berlin, yana da HIV sai kuma sankarar jini ta kama shi. A 2007 likitansa Gero Hütter ya dasa masa ɓargon wani mutum da aka haifa ba shi da CCR5, ƙofar da bairus ɗin ke shiga sel ta cikinta. Har ya rasu a 2020 HIV bai dawo ba. Sankarar ce ta dawo. 'Yan ƙalilan sun bi sahunsa. Sai dai dashen ɓargo da kansa yana kisa, kuma irin wancan gado na mutanen arewacin Turai ne, da wuya a same shi a Afirka.

Saboda haka masu bincike suka koma kan buɗewa da rufewar ƙwayoyin gado, suka rabu gida biyu. Na farko suka ce a tashe shi daga barci, in ya fito magani da garkuwar jiki su gama da shi. A 2012 David Margolis na Jami'ar North Carolina ya ba masu HIV vorinostat, maganin sankara ne da ke sassauta naɗin histon. Bairus ya motsa, an ga alamarsa, amma maɓoyar ba ta ragu ba. Na biyu suka ce a bar shi a inda yake, a ƙara ɗaure shi har ya kasa tashi. Susana Valente ta Cibiyar Scripps a Florida ta gwada wani sinadari mai tare Tat, ya jinkirta dawowar bairus a jikin ɓeraye. A ganina wannan hanya ta biyu ta fi dacewa da abin da jiki ya riga ya iya. Kimanin kashi 8 cikin ɗari na DNA na kowane ɗan Adam ragowar tsofaffin retrobairus ne da suka shiga tun zamanin da ba a san farkonsa ba, jiki ya ɗaure su, suka lalace a inda suke. Har akwai wanda aka mai da shi ɗan gida: furotin da ake kira sinsitin, wanda ke taimakawa wajen gina mabiyiya a cikin mai juna biyu, daga irin wannan bairus aka gada. A 2020 kuma rukunin Xu Yu a Boston ya nuna cewa 'yan tsirarun mutanen da jikinsu ke danne HIV ba tare da magani ba, lafiyayyun kwafinsu galibi a sassan kuromosom da ke ɗaure tam suke.

Akwai wani gyara da ya kamata mai karatu na nan ya sani. Mafi yawan wannan bincike an yi shi ne a kan nau'in HIV na Amurka da Turai, wanda ake kira B. A 2002 Saidou Mamadou na Jami'ar Yamai da abokan aikinsa na Montpellier suka wallafa cewa nau'o'in da suka fi yawa a Nijar su ne CRF02 da CRF06, masu gaurayen asali. Bambancin kuwa ya kai har mafarin rubutun: nau'in B yana da mazauni biyu na NF-kB, nau'in C na kudancin Afirka yakan zo da uku. Maganin da zai tayar ko ya ɗaure bairus na Amurka sai an gwada shi kafin a ce zai yi wa na Dungas. An dai fara a Afirka. A 2025 Thumbi Ndung'u ya ba da sakamakon wani gwaji da aka yi a Durban a kan mata 20, inda 4 suka wuce shekara ba tare da maganin kullum ba, ƙarƙashin sa ido na kusa.

Tushen wannan ilimi na retrobairus daga sankara aka samo shi, kuma daga sankarar kaza. A 1909 aka kawo wa Peyton Rous na Cibiyar Rockefeller a New York wata kaza mai ƙari a ƙirji. Ya yanko ƙarin, ya niƙe, ya dama da ruwan gishiri, ya tace da matacin da ba ya barin sel ko bakteriya su wuce, ya yi wa wasu kaji allurar ruwan. Suka fito da ƙari. Ya wallafa a 1911, manyan likitoci suka ce wannan matsalar kaji ce. Sai a 1966, yana da shekara 87, aka ba shi kyautar Nobel. A jikin bairus ɗin Rous ne Howard Temin ya dage cewa akwai kwafi daga RNA zuwa DNA, aka yi ta yi masa dariya har 1970, lokacin da shi da Satoshi Mizutani, da kuma Baltimore a nasa ɓangaren, suka kama enzayim ɗin. Ba don wannan ba, da Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier ba su san abin da za su nema ba a 1983 lokacin da suka gano HIV.

A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus a San Francisco suka gano cewa ƙwayar gadon da ke sa bairus ɗin Rous haifar da ƙari, mai suna src, ba tasa ba ce. Ta kazar ce, ya sato. Mu ma muna da irinta. Ashe ƙwayoyin gadon sankara namu ne na gida, waɗanda aikinsu na yau da kullum shi ne su ce wa sel ya girma ya rabu. A 1981 William Hayward ya nuna wani abu da ya fi wannan ban tsoro: wani bairus na kaji ba ya ɗauke da ƙwayar gadon sankara ko ɗaya, sai dai ya sauka gefen wata ta kazar mai suna myc, mafarinsa mai ƙarfi ya tilasta a yi ta karanta ta ba tsayawa. Ba sai an canza mata harafi ba. Matsalar HIV rubutun da ya yi shiru ne, matsalar wannan sankara rubutun da ya ƙi yin shiru.

A jikin mutum, retrobairus na farko da aka gano na sankara ne. Kiyoshi Takatsuki ya bayyana wata sankarar jini ta manya a 1977 tsakanin mutanen kudancin Japan, a 1980 kuma Bernard Poiesz da Robert Gallo suka ware bairus ɗin, HTLV-1. Yana da furotin mai suna Tax da ke kunna NF-kB ya hana shi mutuwa, sel ya yi ta rabuwa. Kamar 5 cikin 100 na masu ɗauke da shi ne ke yin sankarar, ita ma bayan shekaru da dama. Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: a 1983 Alan Fleming, likitan jini a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da wasu masana na Jamus suka wallafa cewa sun sami alamarsa a jinin masu ba da jini. Yana yaɗuwa ta jini, ta saduwa, da ta dogon shayarwa, kuma ba ya cikin cututtuka huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dole a duba a kowace ledar jini. A Japan ana gwada masu juna biyu. Kada wani ya ɗauko wannan ya ce uwa a Magariya ta rage ba da nono; a inda tamowa da gudawa ke ɗaukar yara, nono ya fi kome tsare rai.

Labarin myc kuwa ya zo har ƙofar gida. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago na Kampala, ya wallafa bayanin yara 38 masu wani kumburin muƙamuƙi. A 1961 ya yi tafiyar kusan kilomita 16,000 a mota yana bin asibitoci yana tambaya, ya zana taswira. Ciwon ba ya hawa tsaunuka masu sanyi, ba ya kuma shiga inda ruwan shekara bai kai kamar milimita 500 ba. Taswirar sauro ce. Da ya zo Najeriya ya ga ciwon ya yi yawa a kudu, ya yi ƙaranci wajejen Kano, ko da yake daga baya asibitocin Zariya da Kano sun riƙa lissafa shi cikin manyan sankarorin yara. Ƙasar Magariya da Dungas, da ruwanta da bai wuce wannan ƙima da yawa ba da kuma tafkunanta na damina, a gefen taswirar take.

Abu uku ke haɗuwa. Na farko bairus ɗin Epstein-Barr, wanda Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano a 1964 cikin ƙarin da Burkitt ya aika musu Landan. Kusan kowane yaro a nan yana kamuwa da shi tun yana ƙarami, ba tare da ya ji komai ba. Na biyu zazzaɓin cizon sauro, sau da sau, damina bayan damina, yana ta zaburar da fararen ƙwayoyin jini nau'in B masu ƙera furotin na kariya. Waɗannan sel suna da wani enzayim, AID, wanda da gangan yake tsaga DNA ɗinsu yana gyarawa don kariyar ta ƙara kaifi. In aikin ya yi yawa, wata rana sai a yi kuskuren ɗinki. Wannan ne na uku: guntun kuromosom na 8, mai ɗauke da MYC, ya yanke ya liƙe a kuromosom na 14, dab da ƙwayoyin gadon kariya. Carlo Croce da Riccardo Dalla-Favera, da kuma Philip Leder, suka tabbatar da haka a 1982. A cikin sel nau'in B babu inda ya kai wannan wuri buɗewa, dare da rana ake karanta shi. MYC ta faɗa inda ba a rufewa. Sel ɗin da hakan ta same shi ya kamata ya kashe kansa, akwai tsarin da ke sa haka, amma Epstein-Barr na taimaka masa ya tsallake. Mai HIV ma ya fi sauran mutane haɗarin wannan ciwo.

Yadda yake farawa ba ya tayar da hankali. Haƙorin yaro ya fara girgiɗi ba lokacin famfara ba, kunci ya ɗan tasa. Uwa ta ce hangum ne, kaka ta ce haƙori ne, a shafa magani, wani lokaci a kai wa wanzami ya yi sakiya, ba ruwa ba mugunya. Da farko ba ya ciwo sosai. Cikin mako biyu fuska ta karkace, haƙora sun watse, ido ya fara turowa. Wani yaron a ciki abin ke fitowa, a ce saifa ce. Babu sankarar ɗan Adam da ta fi wannan sauri. Sel ɗinta kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan saurin ne kuma ya sa take jin magani, don magungunan sankara sel mai rabuwa suke kamawa. Tun shekarun 1960 Burkitt a Kampala da Victor Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru a Ibadan, suka ga ƙari yana narkewa cikin kwanaki da magunguna irin su cyclophosphamide, kuma dukansu suna cikin waɗanda aka ba kyautar Lasker a 1972. A Ibadan ɗin ne a 1963 Robert Pulvertaft ya raya sel na wani yaro mai shekara 11 a cikin kwalba. Zuriyarsu, da ake kira Raji, har yau ana aiki da ita a ɗakunan bincike na duniya. Narkewar da kanta tana da haɗari, don gubar matattun sel na iya toshe ƙoda in ba a ƙara wa yaro ruwa sosai ba. Wani haɗarin shi ne kumburi ya sace bayan allurar farko, iyaye su ga ɗansu ya dawo kamanninsa, ga gona na jira, su tafi gida ba a gama zagayen magani ba. In ya dawo, da wuya ya sake jin magani kamar da.

A ƙasashe masu arziki yara 9 cikin 10 suna warkewa. A yawancin asibitocin Afirka rabi ne ko ƙasa da haka. Ƙungiyar Médecins Sans Frontières tana aiki a asibitin Magariya tun 2005, kuma a tsakiyar damina sashen yara kan ɗauki ɗaruruwa a lokaci guda, galibi zazzaɓi da tamowa. Tun 2013 ake raba maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata a damina ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, tun 2006 kuma dokar Nijar ta ce a duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta. Sankarar Burkitt ta fi kama 'yan shekara 6 zuwa 7, waɗanda suka riga suka fita daga duka biyun. Babbar cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa tana Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram, ban da hanyar da za a bi daga Mallawa kafin a kai Damagaram ɗin. Asibitin koyarwa na Aminu Kano ya fi kusa nesa ba kusa ba, amma can da naira ake biya, kuma sai an tsallaka iyaka. Daga watan Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 iyakar a rufe take.